Jerin Gwanon Jiragen Yaƙi: Kallon Sama da Haƙƙin Na Ƙasa

Gabatarwa

Wata Asabar da hantsi, 'yan shekarun da suka wuce, ina zaune a zauren gidana da ke wajen Ƙofar Wunti a birnin Bauchi, ina duba takardun jarrabawar ɗalibai, sai rugugin jirage masu saukar ungulu ya cika unguwa. Su biyu ne, ɗaya na bin ɗaya, sun yiwo ƙasa-ƙasa har kwanon rufi na amsawa. Ɗana, wanda a lokacin bai wuce shekara bakwai ba, ya watsar da abin wasansa ya ruga waje yana tsalle yana ɗaga musu hannu. Abokin wasansa kuwa, ɗan maƙwabcinmu da rikici ya koro iyayensa daga arewacin Barno, bai fita ba. Da na waiga sai na hange shi ya cusa kai bayan buhunan masara da ke jingine a lungu, ya toshe kunnuwa da hannu biyu, jikinsa na ɓari. Ban tambaye shi abin da ya taɓa gani ba, domin Hausawa sun riga sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Ba a jima da wannan ba sai na kalli wani shiri a talabijin game da bikin da Ingila ta yi ran 10 ga Yuli, 2018, na cikar rundunar sojan samanta shekara ɗari da kafuwa. Jirage kusan ɗari suka ratsa saman birnin Landan suka bi ta kan fadar Buckingham. Masu saukar ungulu na zamani, irin su Puma da Chinook, su ne a gaba. A bayansu ga tsofaffin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, wato Dakota, da Lancaster mai inji huɗu, Spitfire da Hurricane suna yi mata rakiya. Can ƙarshe sai jirage masu gudun walƙiya, ciki har da Typhoon guda 22 da suka jeru suka zana lamba 100 a sararin sama. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, abin ya ƙayatar da ni matuƙa. Amma ina cikin kallo yaron nan na bayan buhu ya faɗo mini a rai, daga nan daɗin ya gauraye da wani abu mai kama da kunya.

Wannan kunyar ce ta haifar da tambayar da wannan maƙala ke son ta tattauna. Shin ya dace mutum mai tausayi ya ji daɗin kallon abin da aka ƙera domin kisa? In ya dace, da wane sharaɗi? Kuma me ke faruwa a zuciyar mai kallo idan aka jera makamin da ya yi murabus da wanda har yanzu yake bakin aiki?

Yadda Ake Jera Tsoho da Sabo

Kafin mu yanke wa abu hukunci, adalci ne mu fahimci yadda ake yin sa. Jirgi mai saukar ungulu bai cika wuce gudun kilomita 300 a awa ɗaya ba, amma yana iya tsayawa cik a sama ko ya ja da baya. Jirgi mai fukafukai kuwa ba shi da wannan gata. Gudu ne ke riƙe shi a sama, in ya rage fiye da kima sai iska ta daina ɗaukar fukafukansa, ya rikito. Spitfire mai farfela ɗaya yana iya wuce kilomita 500 a awa, Typhoon kuma yana iya ninka gudun sauti. Saboda haka haɗa waɗannan a sahu ɗaya lissafi ne mai tsanani. Marasa sauri su ake sakawa a gaba, masu sauri su biyo daga nesa a kan lokacin da aka ƙayyade wa kowa, domin duka su iso kan 'yan kallo bi da bi ba tare da wani ya hau wani ba. Idan kuma za su tafi gefe da gefe ne, dole mai ƙarfi ya danne ƙarfinsa, mai rauni ya ba da iyakar nasa, su haɗu a tsakiya.

Wannan ya tuna mini da ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, inda madugu ba ya auna zango da saurin ingarman doki, yakan auna shi ne da ƙarfin jakin da ya fi kowane gajiya. Haƙiƙa akwai darasin ladabi a cikin irin wannan tafiya. Sai dai akwai wani abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin za mu dawo kansa. Matuƙin da ke cikin sahu ba ƙasa yake kallo ba. Idonsa na kan jirgin jagora, yana auna tazarar da ke tsakanin fiffikensa da na ɗan'uwansa, wadda wani lokaci 'yan taku ce kawai. Da zarar ya ɗauke ido, to, an shiga uku.

Ƙasashen da suka ɗauki wannan al'ada sun kashe mata dukiya. Tun 1957 rundunar sojan saman Ingila ta ware wani sashe na musamman da ke kula da tsofaffin jiragen yaƙinta, wanda mazauninsa yake a sansanin Coningsby. Lancaster ɗin da suke tashi da ita ɗaya ce daga biyu kacal da suka rage a duniya masu iya tashi, ɗayar tana Kanada. A Amurka kuma tun 1997 ake haɗa tsofaffin jirage irin su Mustang da sababbi suna shawagi tare a wuraren nuni. Ba dukiya kaɗai abin ke ci ba, har da rai. Ran 12 ga Nuwamba, 2022, tsofaffin jirage biyu suka yi karo a wajen wani nuni a birnin Dallas, mutum shida suka mutu. Ran 25 ga Mayu, 2024, wani Spitfire ya faɗi kusa da Coningsby, matuƙinsa, Sukwadiron Lida Mark Long, ya rasa ransa. Mu ma a nan gida, ran 28 ga Satumba, 2018, jirage biyu ƙirar F-7 suka gogi juna a saman Abuja suna gwajin jerin gwanon bikin ranar 'yancin kai, Sukwadiron Lida Bello Baba-Ari ya riga mu gidan gaskiya. Duk abin da mutane suka yarda su biya wa irin wannan farashi, lalle akwai abin da yake nufi a wurinsu wanda ya wuce wasa.

Mu Ma Muna da Namu Tarihin

Wani zai ce wannan sha'anin Turawa ne, ina ruwan Bahaushe? Tarihi bai yarda da haka ba. Bam na farko da aka taɓa jefawa daga jirgin sama mai inji a ƙasar Afirka ya sauka. Ran 1 ga Nuwamba, 1911, wani hafsan Italiya mai suna Giulio Gavotti ya jefa gurneti a kan Ain Zara da Tajura, a gefen Tarabulus, birnin da ayarin raƙuman Kano ya daɗe yana sauke kaya a cikinsa. Shekara 14 cif bayan haka, ran 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan Ingila ƙirar DH.9A, a ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar. Daga wannan sauka ake lissafa tarihin jirgin sama a Nijeriya. Abin lura shi ne jiragen yaƙi ne, kuma danginsu na kusa, DH.9, su ne suka yi ruwan bama-bamai a kan garuruwan mayaƙan Sayyid Muhammad Abdullahi Hasan a ƙasar Somaliya a 1920. Ke nan abin da Kanawa suka yi dafifi suna kallo da mamaki, wasu bayin Allah sun riga sun san shi ta wata fuskar.

A Yaƙin Duniya na Biyu ma samanmu ya ga jerin gwano na gaske. Daga watan Satumba na 1940, Ingila ta riƙa kawo jirage a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su taso ta Ikko, su yada zango a Kano da Maiduguri, su ratsa Sudan zuwa Masar inda ake gwabzawa. Jirgi ƙirar Blenheim, mai ɗauke da masanin hanya, shi kan ja gaba, ƙananan Hurricane su biyo shi kamar 'yan tsaki. Dubban jirage suka bi wannan hanya. Daɗin daɗawa, kakanninmu da aka kwasa zuwa yaƙin Bama a runduna ta 81 sun yi watanni a kwarin Kaladan suna rayuwa da abincin da jirage irin su Dakota ke jefo musu da lema. A wurin tsohon sojan Bama, ƙarar Dakota ƙarar tuwo ce. Saboda haka tsofaffin jiragen da aka yi fareti da su a Landan, muna da rabo a labarinsu, ko da ba a ambace mu a wurin bikin ba.

Rundunar sojan saman Nijeriya kuwa an kafa ta a watan Afrilun 1964, a zamanin gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke cikin birnin nan namu, filin jirgin samanmu kuma yake ɗauke da sunansa. Jamusawa na cikin waɗanda suka fara horar da ita. Ba ta gama tsayawa da ƙafafunta ba yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Gwamnatin tarayya ta samo jirage ƙirar MiG-17 da Il-28 da L-29, Misirawa na cikin waɗanda suka tuƙa su. Ɓangaren Biyafara kuma, a watan Mayun 1969, wani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo musu wasu ƙananan jirage na koyon tuƙi aka ɗaura musu rokoki, suka kai hari filayen jiragen Fatakwal da Binin da Inugu. Shugaban rundunar na lokacin, Kanar Shittu Alao, a haɗarin jirgi ya rasu a 1969. A cikin yaƙin nan an jefa bama-bamai a kasuwanni da garuruwan ƙasar Ibo, fararen hula da dama suka halaka. Wasu daga jiragen ɓangarorin biyu yau suna girke a gidan tarihin yaƙi na Umuahia, wanda aka kafa a 1985, rana da ruwan sama na dukan su.

A nan akwai wani bambanci tsakaninmu da Ingila. Su tsofaffin jiragensu sun yi murabus, sai ranar biki ake fito da su. Mu kuwa tsohonmu bai sami hutu ba. Jiragen Alpha Jet da aka saya a farkon shekarun 1980, waɗanda suka yi aikin ECOMOG a Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, su ne dai aka sake gyarawa aka tura yaƙi da Boko Haram, tare da masu saukar ungulu ƙirar Mi-35M da aka sayo daga Rasha, da Super Tucano da suka iso a 2021. A zamanin Eya Mashal Sadiq Baba Abubakar, ɗan Azare, wanda ya shugabanci rundunar daga 2015 zuwa 2021, kuma shi kansa matuƙin mai saukar ungulu ne, aka kafa hedkwatar sashen ayyuka na musamman na rundunar a nan Bauchi. Idan tsoho da sabo suka jeru a samanmu, sau da yawa kan hanyar fagen daga suke.

Hawan Salla: Misali daga Gida

Bahaushe ba baƙo ba ne a wajen yin ado da kayan yaƙi. Duk shekara, da ƙaramar salla da babba, mukan yi cincirindo a ƙofar fadar Sarkin Bauchi mu kalli hawa. Me muke kallo? 'Yan lifida, da 'yan sulke, da kwalkwali, da masu da takubba, da 'yan bindiga masu cika bututu da albarushi su saki, hayaƙi ya turnuƙe. Jafin da hakimi kan yi, ya sako doki a guje ya ja linzami a gaban sarki ya ɗaga mashi, asalinsa gwajin sukuwar yaƙi ne da nuna biyayya. Waɗannan kaya su ne Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa masarautar nan da su a farkon ƙarni na 19, kuma da su magadansa suka daɗe suna fafatawa da Ningawa da mutanen duwatsu. Akwai ƙauyukan da a wancan zamani ƙurar dawaki daga nesa alamar gobara da bauta ce a wurinsu. Littafin Shaihu Umar, wanda Tafawa Ɓalewa ya rubuta aka buga a 1934, ya nuna mana duniyar hari ta fuska biyu: ta mahayan da kan fita, da ta uwa da ɗa waɗanda bauta ta raba su har ƙetaren Sahara.

Duk da haka, yau jikan mahayi da jikan wanda aka kai wa hari suna tsayawa wuri ɗaya suna kallon hawa, suna sayen rake a tire ɗaya, ba wanda ke ɓuya bayan buhu. Me ya kawo haka? Amsar ita ce mashin ya mutu. Bindigogin Turawa masu jigida sun rufe babin doki da mashi a Kano da Sakkwato da Burmi a 1903. Ɗan lifidan da ya wuce ta gabanka yau, gobe gona zai tafi ko ofis, ba wanda zai kai wa hari. Makami yakan zama kayan ado ne bayan an tabbata ba zai sake cizo ba, har wanda ya taɓa jin zafinsa ya iya kallon sa ba tare da faɗuwar gaba ba.

Da wannan ma'auni, Spitfire da Hurricane sun zama lifida. Ba wanda za su sake harbi. Ita ma Lancaster haka, ko da yake tsofaffin birnin Dresden, waɗanda suka tsira daga gobarar watan Fabrairun 1945, suna da abin da za su tuna idan suka ji ƙararta. To, amma mai saukar ungulun da ke gefensu fa? Shi bai mutu ba. Ana gama biki za a mai da shi sansani a ɗora masa kayan aiki. A nan ne nake ganin haɗarin jerin gwanon yake. Hausawa na cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Tsohon jirgi ya sami gafarar zamani, jama'a na kallon sa da irin ƙaunar da ake yi wa kaka. Da aka jera sabon a gefensa, sai shi ma ya sha daga wannan ƙauna wadda bai riga ya cancanta ba. Mai kallo yakan koma gida yana jin cewa yaƙin yau ma tsabtatacce ne kamar labarin yaƙin jiya, alhali shi na jiyan ma tsawon lokaci ne ya wanke shi.

Abin da Ke Gaskiya a Hujjar Masu Biki

Rashin adalci ne in tsaya a nan, domin masu goyon bayan irin wannan nuni suna da hujjoji masu nauyi, kuma ni kaina bashi ake bi na. A ƙarshen watan Maris na 2015, ana tsakiyar zaɓen shugaban ƙasa, 'yan bindiga suka ratso Kirfi da Alƙaleri suka doshi birnin Bauchi. Aka sa dokar hana fita, muka kulle ƙofofi muna addu'a. Sojojin ƙasa da jiragen yaƙi ne suka tare su a bayan gari. Mu da muka san cewa a nan Bauchi rikicin watan Yulin 2009 ya fara, muka kuma ga yadda aka fasa gidan yarinmu a watan Satumban 2010 aka saki ɗaruruwan fursunoni, mun san abin da zai faru da sun shigo. Ranar nan ƙarar jirgi ta fi mini kowane kiɗa daɗi. Wanda ya kwana lafiya albarkacin makami ba shi da bakin cewa makami ƙazanta ne zalla.

Bugu da ƙari, matuƙin da ke jefa ransa a haɗari yana da haƙƙin a san da shi. Al'ummar da ba ta girmama masu tsaron ta, wata rana za ta nema ta rasa. Tsofaffin jirage kuma makaranta ce ga matasa. Yaron da ya ga jirgi kusa da kusa, ya taɓa fiffikensa, watakila shi ne injiniyan gobe. Waiwaye adon tafiya ne, kuma rundunar da ta san kakanninta ta fi wadda ba ta sani ba kunyar yin abin kunya. Shi kansa jin daɗin kallon ban ga laifinsa ba. Ido ba ya neman izini kafin ya ga kyau. Kyan tsari, da ƙwarewar hannu, da amanar da ke tsakanin mutum biyu masu gudu a sama da 'yar tazara tsakaninsu, duka abubuwa ne masu kyau a haƙiƙa. Hausawa da suka ce kyan ɗan maciji ba su musanta kyan ba, gargaɗi kawai suka yi kada kyan ya mantar da kai dafin.

Aikatau So-karɓau

Bari in ari misali daga ajin nahawu, tunda da ɗaliban Hausa nake magana. Mun koya cewa aikatau iri biyu ne. Akwai ƙi-karɓau, kamar "ya tashi", "ya wuce", "ya sauka", wanda ma'anarsa kan cika ba tare da aikin ya faɗa kan kowa ba. Akwai kuma so-karɓau, kamar "ya harbi", "ya ƙone", "ya kashe", wanda jimlarsa ba ta cika sai an faɗi wanda aikin ya faɗa wa. Jirgin yaƙi, a asalin ƙirarsa, aikatau ne so-karɓau. An yi shi ne domin wani abu ya faɗa kan wani. Abin da fareti ke yi shi ne ya mai da shi ƙi-karɓau: ya tashi, ya yi shawagi, ya wuce, aka tafa. An nuna aikau cikin ado, an shafe karɓau daga jimlar. Ɗalibin da ya rubuta mini "sojan ya harbi" ya sa aya, zan ja masa jan layi in tambaye shi: wa?

Amsar wannan tambaya a ƙasarmu ba koyaushe take da daɗin ji ba. Ran 17 ga Janairu, 2017, jirgin sojan samanmu ya jefa bama-bamai bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, a ƙaramar hukumar Kala-Balge ta Jihar Barno. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce kimanin mutum 90 suka mutu, galibinsu mata da yara, har da ma'aikatan agaji na Red Cross. Binciken da hukumar tsaro ta yi ya ɗora laifin a kan cewa ba a nuna sansanin yadda ya kamata a taswirar aiki ba. Ran 3 ga Disamba, 2023, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu bikin Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Waɗannan mutane 'yan ƙasa ne, su ne ma waɗanda aka sayi makaman domin a kare su. Na ce a baya matuƙin da ke cikin sahu ba ya kallon ƙasa. Shi uzurinsa a fili yake, ransa da na ɗan'uwansa ke hannunsa. Amma mu 'yan kallo, da muke tsaye a ƙasan, ba mu da irin wannan uzuri.

Addininmu bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Sananne ne cewa Halifa Abubakar Siddiƙ, lokacin da yake sallamar rundunar da ya tura Sham, ya hore su da kada su kashe mace ko yaro ko tsoho, kada su sare itace mai 'ya'ya. Shari'a kuma ta ɗora diyya da kaffara ko da a kan kisan kuskure. Ma'anar wannan ita ce kyakkyawar niyya ba ta goge sunan mamaci. Kuskure yana ɗauke zunubin ganganci, amma ba ya ɗauke nauyin haƙƙi. Lokacin da shugaban sojan ƙasa na wancan lokaci, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya taka da kansa zuwa Tudun Biri ya ba da haƙuri, ya yi abin da ya fi fareti goma ɗaukaka darajar kakinsa.

Kammalawa

Matsayin da na tsaya a kai shi ne, kallon jerin gwanon jiragen yaƙi da jin daɗinsa ba laifi ba ne, amma daɗi ne mai sharaɗi, sharaɗin kuwa shi ne a cika jimla. Ranar 15 ga Janairu, da ƙasar nan ta ware domin tunawa da mazan jiya, ita ce ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ita ce kuma ranar juyin mulkin 1966 da ya ci ran Tafawa Ɓalewa da Sardauna. Rana ce da ta isa ta ɗauki makoki fiye da ɗaya. Me zai hana, idan an ajiye furanni domin sojojin da suka kwanta dama, a kuma ambaci Rann da Tudun Biri da kasuwannin ƙasar Ibo, a yi musu addu'a a wuri guda? Me zai hana tsofaffin jiragen da ke Umuahia a kula da su yadda ya kamata, a rubuta a gefen kowane sunan waɗanda suka tuƙa shi da kuma garuruwan da ya ziyarta? Yin haka ba zai rage wa soja kwarjini ba. Rundunar da ke ƙirga waɗanda ta kashe bisa kuskure, ta biya diyyarsu, ita ce za ta fi taka-tsantsan a gaba, kuma ita talaka zai fi yarda ya kai wa labarin inda ɓarayin daji suka kwana.

Mu kuma masu alƙalami akwai namu kason. Adabinmu ya ƙware a kirarin jarumi da na dokinsa da na takobinsa, tun daga makaɗan fada har zuwa mawaƙan soja na zamanin yaƙin basasa. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne labarin wanda ke ƙarƙashin inuwar jirgi. Ina kira ga ɗalibanmu, musamman waɗanda suka fito daga Barno da Yobe da Zamfara da Birnin Gwari, su rubuta abin da idonsu ya gani, a waƙe ko a zube, kafin lokaci ya wanke shi ya bar ado kaɗai.

Yaran nan biyu yanzu sun tasa, suna makaranta ɗaya. Nawa har yanzu cewa yake matuƙin jirgi zai zama, ban kuwa hana shi ba. Abin da na roƙe shi kawai shi ne ya riƙe abokinsa da kyau, ya kuma saurari labarinsa duk ranar da ya ga damar bayarwa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kawo ranar da Mi-35 zai zama lifida, amin.